Tagar Gunvor

Gunvor, bana shekara huɗu da tafiyarki.
Kin bar mini tukwane goma sha ɗaya a bakin taga
da 'yar takarda manne a jikin firiji:
"Torvald, kada ka cika musu ruwa."
To, yaushe na taɓa jin maganarki da wuri?

Bakwai na kashe kafin ƙanƙarar bakin teku ta narke.
Ba da mugunta ba, da ƙauna na kashe su,
kullum safiya ina tsaye a kansu da buta
kamar mai ɗura wa baƙo tuwo har ya shaƙe.
Saiwa ta ruɓe a ɓoye, ganye ya yi rawaya,
ni kuwa ina ƙara ruwa, wai ƙishi ne.

Hoyarki ce ta ƙi mutuwa.
Taurin kai dai irin naki.
Ganye mai kauri, mai sheƙi,
sai ka ce da kakin zuma aka goge shi.
Kin ce kakanninta a can gabas mai nisa suke,
suna hawan itatuwa inda ruwan sama ke da ɗumi.
Me ya kawo ta Luleå,
garin da rana ke leƙowa a Disamba
kamar mai bin bashi da bai tarar da maigida ba?

Wata Lahadi na ga 'yan tsinkaye tsirara a jikinta,
ba ganye, ba kyau.
Na ɗauko almakashinki na ɗinki, na datse su tas.
Aino ta shigo aron garin kofi,
ta ga abin da ke kan tebur, ta dafe ƙirji.
"Kai! Nan ne fa furen ke fitowa!
Inda ta yi bara, nan take komawa bana."
Na tsaya da almakashi a hannu,
tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa,
yarinya 'yar saba'in tana yi mini faɗa.

Daga nan na koyi zama da ita.
In tura yatsa cikin ƙasa, in da laima in tafi abina.
Fararen ƙwarin nan masu kama da auduga
na bi su ɗaya bayan ɗaya da ruwan sabulu,
tabarau a kan hanci, kofi na hucewa.
Na so in saya mata babbar tukunya,
Aino ta ce bar ta, matsatsi take so.
Na tuna ɗakinmu na farko,
da gadon da ba ya cin mutum biyu, amma ya ci.

Shekara uku ba ta ce mini komai ba.

Sai watan Yuni, lokacin da dare ke manta zuwa,
ƙarfe biyu wani ƙamshi ya tashe ni.
Na zaci kin dawo kina gasa wani abu.
Na fito ba silifa.
Ga dunƙule guda yana lilo a ƙarƙashin ganye,
'yan taurari farare, kowacce da jan ido a tsakiya.
Na ƙirga ashirin da uku,
na sake ƙirgawa, ashirin da huɗu.
Ɗigo ɗaya ya faɗo kan murfin kekenki na ɗinki.
Na dangwala, na lasa. Zaƙi.

Jiya jikarmu Ylva ta tafi da reshe ɗaya Malmö
a cikin kwalbar ruwa, naɗe da safata.
Na kwafa mata takardarki da rubutuna mai rawa,
na ƙara layi a ƙasa:
"Abin da ya yi kama da matacce, kada ki yanke."
Ta asalin tana nan a jikin firiji.
Tawadar ta kusa gogewa.